Injin Gugar Allo da "To" Ɗin da Na Ce Maka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga mai sunan Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a zaune da tafe, ya kare ka daga sharrin hanya da na masauki.

Na san za ka yi dariya, tunda katanga ɗaya ce tsakanin shagona da ɗakinka, ko tari na yi kana ji. Amma ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan ta haɗu a kanka. Tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, sai dai "kai, miƙo gizago" da "kai, kashe." Takarda kuwa ba ta kallon mutum, shi ya sa na ɗauko ta. Ka yi haƙuri da bokona, hannuna ya fi sabawa da ajami.

Ga abin da ya sa na zauna. Mutanen nan na Fatakwal masu gyaran injinan jiragen ruwa sun kira ka aiki, kuma na ji sun ce idan watan nan ya mutu ba ka isa ba, za su ba wani gurbinka. Ran da ka durƙusa a bakin shago ka faɗa mini, abin da kawai na ce maka shi ne "To," na ci gaba da gugar allona. Tun daga ranar jakarka take a ɗaure a bayan ƙofa, kai kuma kana nan kana zagaya gida. Jiya mahaifiyarka ta kawo mini kunu, maimakon ta ajiye ta juya kamar kullum sai ta tsaya.

"Malam," in ji ta, "yaron nan fa ba zai taka ko'ina ba sai ya san wane irin 'to' ka ce masa."

Na ce mata to. Ta dube ni ta ce ga irinta nan, ta yi tafiyarta.

Zan ba ka amsa. Amma ka bar ni in bi ta hanyar da na iya, wato ta wajen injin nan da muka haɗa ni da kai. Yanzu haka yana gabana a tsaye, don an ɗauke wuta tun azahar. Rana ta karkata, ta shigo ta 'yar tagar yamma, garin itacen aduwa da nake gugawa yana yawo a cikin hasken a hankali, ba ya sauka ba ya fita. Irin wannan lokacin ne hankalina yake tafiya ya bar ni a kan buzu. Mahaifiyarka tana cewa ba ta taɓa ganin matafiyi irina ba, wanda yake kai wa ƙarshen duniya bai sa takalmi ba.

A zamanin kakanka, idan an sassaƙe allo da gizago, da fasasshiyar kwalba ake kankare shi. Ni na zo na tarar da sanfefa, a naɗa ta a jikin guntun katako a yi ta dirza har kafaɗa ta mutu. Wannan aikin na ba ka da ka tasa, don shi ake ba kowa. Ba ka taɓa cewa komai ba, amma ina ganin yadda kake hura yatsunka, da yadda idonka yake komawa bakin zaure duk sanda babur ya wuce. Tsoro ya kama ni. Na ce a raina gugar nan ce za ta kore shi daga sana'ar gidanmu, idan na sauƙaƙa masa ita zai zauna. Ban gaya wa kowa ba, amma dalilin injin ke nan.

Na fara ganin irinsa ne a shagon wasu kafintoci wajen Ƙofar Na'isa. Sanfefa ce aka haɗa bakinta da baki ta zama bel, tana zagaya ganguna biyu, tana gudu ba ta zuwa ko'ina. Na tsaya kallo har mai shagon ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na dawo unguwarmu Sheshe da abin a kaina. Kwana da kwanaki, da na kishingiɗa ƙailula sai in ga alluna suna shiga ta gefe guda da kaushinsu, suna fita ta ɗaya gefen sumul, kai kuma kana zaune kusa da ni da furfura a gemunka. Haka nake ganinka a mafarkin, tsoho kusa da tsoho.

Da kan tsohuwar fankar ɗakin mahaifiyarka na fara, ka tuna. Na cire shi da rani tsaka, mahaifiyar taka ta yi kwanaki tana fushi da ni. Na fafe ganguna biyu daga itacen aduwa, waɗanda kai kake kira rola, na samo boris ɗin da za su riƙa juyawa a kai a wurin 'yan gwangwan, mai walda ya haɗa mana ƙafafu. Da muka kunna, bel ya juya gwanin sha'awa, har na aika a kira maƙwabta. Suna tsaye na ɗora allo na danna, injin ya yi wani nishi ya tsaya cak. Na ɗaga, ya tashi. Na danna, ya tsaya. Wani daga cikinsu ya ce ai injin yana da ladabi, ba ya son taɓa allo. Fanka iska aka yi ta ta tura, ni kuma na ba ta katako. Da na tambayi mai gyaran fanka na bakin layi, da ya gaya mini a tsaye, amma na ji kunyar a ce mai gemu kamata yana tambayar abin da bai sani ba. A inda za ka, za a nuna maka injinan da ba ka taɓa gani ba. Ka yi tambaya tun ranar farko, lokacin da rashin sani bai zama abin kunya ba tukuna. Kuma kada ka tara mutane kallon abin da ba ka gwada shi kai kaɗai ba.

Daga nan na koma ɗaya ƙarshen, na samo injin jan ruwa. Shi kuma sai ka ce an biyo shi. Allon farko da na ɗora ya fito da baƙin tabo, shago ya cika da ƙaurin ƙonannen itace, mahaifiyarka ta fito da buta tana neman inda wuta ta kama. Sai da muka yi masa dabarar injin markaɗe, ƙaramin faifai a bakin injin, babba a jikin ganga, sannan ya koma tafiyar mutane. A tsakanin nan ne ya cafke hannun babbar rigata ya naɗe, ya ja ni har goshina ya kusa taɓa bel, kai ka finciko wayar wuta daga bango. Wannan ba ta da wata fassara: kada ka kusanci abin da ke juyawa da sakakkiyar riga, ko da shugaban wurin ne ya kira ka da gaggawa. Ka naɗe hannu, ka cire carbi daga wuya, sannan ka matsa.

Mahaɗar bel ta fi komai ba ni wahala. Na yanka sanfefar a miƙe, na ɗora baki kan baki, na zuba gam na danne da dutse. Duk zagayen da za ta yi sai mahaɗar ta bugi allo, ƙwas, ƙwas, ta bar masa layi. Ban damu ba, har na fara jin daɗin bugun, ina gyaɗa kai da shi kamar mai sauraron kiɗa daga nesa. Ina cikin wannan gyaɗa kan ne ta ɓalle ta zabga mini mari, hulata ta faɗa cikin kwanon gam. Ka juya mini baya kana gyara abin da bai lalace ba, kafaɗunka suna rawa, kana zaton ban gani ba. Daga baya muka gane a karkace ake yanka, a kankare yashin da ke bakin inda za a haɗa, a kuma ɗaura ta yadda leɓen ba zai ci karo da katako ba. Tun bugun farko injin yake gaya mini akwai matsala, ni na mai da gargaɗin abin nishaɗi. Idan ka ji sabon sauti a jikin inji, ko a muryar abokin aiki, ka tsaya ka duba tun yana ƙarami.

Akwai kuma ran Juma'ar nan da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, na bar allo a kan bel na tafi masallaci ban kashe makunni ba. Wuta ta dawo muna cikin huɗuba, injin ya harba allon ya bi ta ƙofa ya fasa randar tsakar gida. Allah ya sa ƙanwarka ba ta wurin. Duk abin da ya tsaya don kansa, kada ka ɗauka ya mutu, ka kashe shi da hannunka kafin ka juya baya. Haka ma rigima, idan ta lafa ba a sasanta ba.

Amma kuskuren da ya fi ba ni kunya a sana'a shi ne na santsi. Da injin ya daidaita, sai na haukace da shi. Na samo sanfefa mai laushi, na samo wadda ta fi ta laushi, na yi ta bi har allo ya koma yana ɗaukar ido. Ina shafa shi ina jin kamar na kai inda kakanka bai kai ba. Na zaɓi mafi kyau na kai wa Alaramma na bayan layinmu, wanda tun yana saurayi a gidanmu yake yin allo. Washegari sai ga shi da kansa, allon a hammata. Ya zauna, muka gaisa har da tambayar awaki, sannan ya fito da tawada da alƙalami ya ja layi ɗaya a gabana. Tawadar ta ƙi zama, ta dunƙule ɗigo-ɗigo tana gangarewa, alƙalamin yana zamewa.

"Malam Bukar," ya ce, "allo na ce ka yi mini, ba madubi ba. A ina harafin zai riƙe?"

Ashe gugar da ta wuce kima toshe idon itace take yi. Allo yana son a bar masa ɗan kaushin da ido ba ya gani, wanda sai tafin hannu yake ji, a nan tawada take kama. Kakanka da kwalbarsa ya san wannan bai taɓa faɗa ba, domin kwalba ba ta iya wuce wurin. Tun daga ranar nake tsayar da inji da wuri, in ƙarasa da hannu. Idan ka gyara wa mutum abu, ka tuna shi zai yi aiki da shi, ba kai za ka zauna kana kallo ba. Ka tambaye shi me zai yi da shi, ka tsaya inda bukatarsa ta tsaya, ko da hannunka yana ƙaiƙayin ƙari.

Saura gudun bel. Kullum sai ya zame gefe ya fita daga kan ganga, mu tsaya mu mayar. Ni a ganina gangar ce ba ta miƙe sosai ba, na yi ta fere ta ina daidaitawa, abin yana ƙaruwa. Ka ce mini, da murya ƙasa-ƙasa, wai ganga so take ta ɗan kumbura a tsakiya, bel wurin tudu yake bi. Na ce wane irin zance ne wannan, abu ya zauna a kan tudu ya ƙi gangarowa? Ba ka yi musu ba. Na tafi sallar la'asar, na dawo na tarar ka yanko robar tayar keke ka naɗa a tsakiyar gangar, ka sa noti guda a gefe na karkata ta. Bel yana gudu a tsakiya kamar an ja masa layi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga fuskarka. Ba allon da ke hannunka kake kallo ba, injin kake kallo, kana karkata kai kana sauraronsa. Ban taɓa ganin ka kalli allo haka ba.

A ranar na gane, amma na ƙi yarda. Daga nan maƙwabta suka fara kawo maka fanka, sai janareta, sai injin markaɗe, har shagon allo ya koma warin baƙin mai. Na haɗa injin don ya riƙe mini kai, shi kuma ya koya maka abin da zai fitar da kai. Na yi fushi da shi, wallahi, akwai lokacin da na rufe shi da buhu na koma gugar hannu, ina cewa wai bayana ne yake son motsi.

Yanzu bari in gaya maka abin da ko mahaifiyarka ba ta gama sani ba. Ka san asalinmu Barno ne, ko da yake daga ni har kakanka a Sheshe aka yanke mana cibiya. Kakanka bai taɓa ganin Tafkin Chadi ba, amma ya gaji labarinsa daga nasa uban, yana ba mu shi muna kankare allo. Ruwa ne, in ji shi, da ba a hango ɗaya gaɓar, tsibirai suna tafiya a kansa da ciyawarsu, shanu suna iyo da manyan ƙahoni. Ina saurayi wani ɗan'uwanmu mai fataucin kifi ya zo, ya ce masu sassaƙa jirage a bakin tafkin suna neman mai hannu, in zan bi shi motarsu za ta tashi bayan kasuwa. Na ɗaure kayana. Na je na durƙusa gaban kakanka kamar yadda ka durƙusa gabana, na faɗa masa. Bai ɗago ba. Ya ce, "To."

Na fita na zauna a zaure ina juya kalmar nan. Ka san "to" ɗinmu. Akwai ta na yarda, akwai ta na ji, akwai ta za ka gani, akwai wadda ake faɗa don kawai bakin mutum ya sami abin yi. Na auna, na auna, na yanke cewa tasa ta hani ce. Na kwance kayana, mota ta tashi ba ni. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban ce komai ba, muka ci gaba da aiki gefe da gefe har Allah ya karɓi abinsa. Sai a zaman makokinsa ƙanwarsa, Gwaggo Falmata, ta kira ni gefe. Ta ce ran nan shi da kansa ya sa ta daka mini dakuwa ta guzuri, ya kuma ba ta sabon gizagonsa ta sa mini a kaya. Da ya ga na fasa sai ya ce ta raba wa yara dakuwar, kada ta gaya mini.

Ban ce na yi asarar rayuwa ba. Da na tafi, da ban auri mahaifiyarka ba, da babu kai. Amma har yau ban ga ruwan da ya fi kududdufan birni da damina ba. Kuma idan bel yana gudu, ƙararsa ta cika shago, can nake zuwa. Ina ganin kaina a bakin ruwan nan ina fafe jirgi, iska tana kaɗa rigata, har sai allo ya yi zafi a hannuna in farka. Abin da ya fi ci mini rai ba tafiyar ba ce, tambayar da ban yi ba ce. Taku kaɗan ne tsakanin zaure da inda yake zaune. Da na koma na ce, Baba, in tafi ko in zauna, da ya faɗa. Kunya ta hana ni tambaya, kunya ta hana shi ƙarawa, muka bar kalma ɗaya ta yanke mana hukunci. Kunya ado ce a gidanmu, ba na so ka yar da ita. Amma idan magana ta kai ga inda rayuwar mutum za ta karkata, ka tambaya har sai ka ji da kunnenka, kuma idan kai ake tambaya ka faɗa duka.

Ga shi na zo na yi maka irin abin da aka yi mini, har da ƙari. Tun da ka ɗaure jaka, kowace safiya sai na ɗaga murya na ce, "Kai, bel ya gudu." Ka zo ka tsuguna ka murɗa notin nan kaɗan, ka tsaya ka saurara, ka koma. Ni da kai mun san na iya murɗa shi. Shekara nawa ina yi idan ka fita gyara? Kai kuma ka samu abin gaya wa mahaifiyarka, wai ba za ka bar ni da inji bel ɗinsa yana zamewa ba. Mun haɗu muna yaudarar juna cikin ladabi, wata kuma yana ta ƙarewa.

To ga amsarka. "To" ɗin da na ce maka ba irin ta kakanka ba ce. Shi ya yarda ya kasa faɗa, ni ban yarda ba na kasa faɗa. Ba na son ka tafi. Ina jin tsoron ruwan da za ka yi aiki a kansa, ina jin tsoron garin da ban san kowa ba a cikinsa, kuma ina jin tsoron shagon nan idan babu mai tari a bayan katanga. Ina son ka fiye da yadda al'ada ta bar ni in nuna, kuma na daɗe ina son in faɗa.

Wannan ita ce "to" ta ranar nan. Ta yau daban ce, kuma zan rubuta ta dalla-dalla don kada ka zauna a zaure kana aunawa. Na yarda ka tafi. Umarni ma nake ba ka, ka tafi kafin watan nan ya mutu. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, na sa maka albarka a hannunka da abin da zai taɓa. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da inji yana jira. Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ita ba ta iya ɓoye kewa kamar ni. Idan ka ga ruwan, ka tsaya ka kalle shi da kyau, ka faɗa mata yadda yake, za ta kawo mini labari tare da kunu.

Ran tafiyar ka zo shago ka yi mini sallama kamar yadda ake yi. Zan ɗora hannu a kanka in yi addu'a, ba zan ƙara komai ba, kada ka jira ƙari. Da ka miƙe zan kunna inji, ko da babu allon gogewa. Kada ka juyo, ko ka ji kamar bel ya gudu. Kuka zan yi, kuma ba na so ka tafi da shi a kunnenka. Idan kuma ba su kawo wuta ba a safiyar, ka ɗaga ƙafa ka fita daga lungun da sauri.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga ƙarfe da ruwa da wuta. Allah ya sa idanuna su sake ganinka, a nan ko a inda ya fi nan. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Bukar mai allo, Sheshe